Yadda Bature ke sauke injin 504

Jama'ar gida, ina gaisuwa daga Faransa. Motar nan da muka mayar ta jigilar fasinja tsakanin Kaduna da Zariya, har muka gaji da ita muka sayar wa 'yan gwangwan, ita ce a nan ake lulluɓewa da mayafi a ɗaki. Peugeot 504 nake nufi. Ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kuma a ƙasar nan duk motar da ta kai shekara 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi.

Maƙwabcina, wani dattijo ɗan fansho, yana da guda. Da ya ji daga Kaduna nake, inda kamfanin PAN ya fara haɗa Peugeot tun 1975, ya ci gaba da haɗa 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, sai ya ɗauke ni tamkar wani gwani. Ya roƙe ni in kama masa sauke inji.

Na zaci aikin safiya ɗaya ne. Ina! Kafin ya taɓa sifana sai da ya ɗauki hoton kowane lungu. Ya cire kan batir. Ya zana alama a maƙalan bonet don in an zo mayarwa ya zauna daidai. Kowace waya sai ya naɗa mata farin tef ya rubuta inda take shiga. Kowane noti da ledarsa, kowace leda da sunanta. Notunan salansa sun ci tsatsa, domin gishirin da suke zubawa a titi lokacin sanyi cin ƙarfe yake yi. Hannuna har ƙaiƙayi yake in ɗauko guduma. Dattijon ya fesa musu mai, ya ce mu tafi shan gahawa, gobe ma rana ce.

Washegari muka fitar da lagireto da kafireta, muka tokare giyabos da jak, muka kwance robobin da injin ke zaune a kansu. Injin 504 a kishingiɗe yake, ya karkata gefe guda, shi ya sa in an ɗaure sarƙar ba daidai ba sai ya juyo ya daki jikin motar. Ya sa wani ƙarfe mai daidaita nauyi a bakin ƙugiyar, yana murzawa kaɗan-kaɗan, har injin ya fito bai kankare fenti ko ɗigo ba. Wallahi ya burge ni.

Baƙin man kuwa a jarka ya rufe shi, muka kai wurin karɓar shara na gari, suka karɓa kyauta. Na tuna bakin garejinmu, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ragowar kuma a kwata. Wanda ya shafa wa katakon rufi saboda gara ma ya yi ƙoƙari.

Amma kada ku ɗauka komai daɗi ne. Na tambaye shi me ya hana shi kai wa bakanike, ya yi dariya. Da awa ake biyansu, awa ɗaya ta haura yuro 60, kuma sai ka jira makonni kafin a ba ka rana. Yaran garejin zamani ma in ba su ga inda za su jona kwamfuta ba, sai su tsaya suna kallon motar. Babu mai kasa kunne ya ce maka ringi ne ya mutu. Kawuna da yaransa, da sarƙa a reshen darbejiya, da sun sauke injin nan kafin azahar, ana hira ana sayen rake. Sai dai in an mayar, a samu noti uku sun rage a tire, a ce ai ba su da amfani. Halinmu ke nan: hannu akwai, haƙurin ajiya ne babu. Wa ya adana ko mota ɗaya cikin waɗanda PAN ya haɗa a Kakuri ta Kaduna, da takardunta, don jikoki su gani?

Yanzu injin yana kan karaga an buɗe kansa, ana jiran kayan gyara ta intanet, kowane da tsadarsa. Kafiretarsa ta Solex ta gaji. Don Allah duk wanda hanya ta bi da shi Panteka ko Ƙofar Ruwa, ya duba mana ko akwai mai lafiya, ya turo mini hoto da farashi tukuna.