Kayan Halowin na yaro: na kanti ko haɗin gida?

Ƙanwata, kin ce kayan Halowin, bikin nan da yara ke yin shiga suna bin gidaje karɓar alawa, na kanti za ki sa wa yaronki ko haɗin gida. Haɗin gida. Duka biyun na taɓa, ɗaya har yau yana ƙasan akwatina a ninke, ɗayan kuwa ko kwana bai yi ba ya tafi bola.

A 2011 ne, shekararmu ta biyu a jihar Minisota ta Amurka. Babban ɗana yana da shekara 6, ya dawo daga makaranta da hawaye, wai kowa a ajinsu ya san abin da zai zama ran 31 ga Oktoba, shi kaɗai ne bai sani ba. Lokacin Abbansu yana karatu, kuɗi sai a hankali. Ina wanke-wanke da dare sai tashe ya faɗo mini a rai. A Zariya in azumi ya kai goma, yayyena maza sukan sace audugar matashin Inna su yi gemu, su zura tsohuwar rigar Baba, ɗaya ya duƙa da sanda yana rawar jiki, su bi gida-gida bayan shan ruwa, a ba su gero ko 'yan kwabbai. Mu mata muna can da namu Mairama da Daudu. Na ce to ai wannan abin na Turawa ba baƙo ba ne a wurina, yara ne da shiga suna bin ƙofofi ana ba su abin daɗi. Bari in yi masa tsoho da gemu.

Na ɗauko wata babbar riga ta Abbansu, shadda ruwan ƙasa da wuyanta ya fara ci, na rage tsawonta da allura da zare. Audugar kantin magani na saya, na ɗinke ta jikin ƙyalle, na sa roba ta maƙale a bayan kunne. Na shafa masa hoda a gira, na naɗa masa rawani da farin mayafina, muka tsinci reshe a bayan gida ya zama sanda. Duk abin da na kashe bai kai dala 5 ba. Na koya masa tafiyar tsofaffi, da tari, da yadda ake dafa ƙugu.

Wallahi daren nan ba zan manta shi ba. A nan ƙa'idar ita ce gidan da ya kunna fitilar ƙofa shi ke rabo, wanda ya kashe a wuce shi. Duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa, kafin ya buɗe baki an fara dariya. Wata tsohuwa Baturiya maƙwabciyarmu, wadda tun zuwanmu daga ɗaga hannu ba abin da ya taɓa haɗa mu, ta fito da sandarta ta gaske ta tsaya kusa da shi, ta kira mijinta ya ɗauke su hoto. Ta tambaye ni wane ne wannan, na ba ta labarin tashe a tsaye cikin sanyi da guntun Turancina. Ta zuba masa cakulan hannu biyu. Daga ranar muka zama 'yan uwa, ita ce ta zauna da yaran ranar da na haihu na uku. Ta rasu yanzu, amma hoton yana nan a falona.

Ga kuma abin da ban lissafa ba sai da muka fita: sanyi. Ƙarshen Oktoba a jihohin arewacin Amurka ba wasa ba ne. Mutanen nan har gobe suna ba da labarin Halowin ta 1991, da dusar ƙanƙara ta fara zuba tun kafin a fita yawon alawa, ba ta tsaya ba sai da ta haura inci 28. A daren namu, yaran da suka sa na kanti dole aka ɗora musu rigar sanyi a sama, ba ka ganin komai sai ƙafar wando. Babbar riga kuwa a kan rigar sanyi take zama, har ta ƙara masa tumbin tsofaffi. Aibinta ɗaya, kuma ki riƙe shi da kyau: auduga ba ta shiri da wuta, wasu gidajen kuma kyandir na gaske suke kunnawa cikin kabewar da suka fafe. Ki riƙe hannunsa a bakin matakala.

Na kanti, to, yana rage wahala, kuma in yaro ya kafe sai jarumin katun ɗin da yake kallo, ba ki da yadda za ki yi. Iyakar alherin da zan faɗa a kansa ke nan. Na saya sau ɗaya, dala 35, yadi kamar gidan sauro, kafin mu gama layinmu wandon ya yage ta baya, abin rufe fuskar kuma ya hana shi ganin gabansa har ya yi tuntuɓe ya zubar da bokitinsa. Kuma a layi ɗaya muka haɗu da yara huɗu da irinsa sak.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hankali da masu talla a intanet daga Satumba zuwa Oktoba. Za ki ga hoto mai kyau a Facebook ko Instagram, farashi rabin na gari, hoton kuwa na wani kamfani ne suka ɗauko. Abin da zai iso miki daban, in ma ya iso, wani sai Nuwamba ta kama. Ki nemi mayarwa ki tarar shafin ya ɓace. Shagunan nan da ke buɗewa wata biyu a ginin da ba kowa su rufe, su ma ki karanta takardar sayayya kafin ki bar wurin, da yawansu ba sa karɓar kaya in an matso ranar. Fentin fuska mai arha da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kada ya taɓa fatar yaronki.

Maganar ko ya dace mu shiga ko bai dace ba, wannan tsakaninki da maigida da malaminku ne, akwai gidajen da ba sa yi sam kuma ina girmama su. Mu iyakar da muka ja ita ce ba fatalwa, ba jini, ba ƙahon shaiɗan, a fita bayan magariba a dawo kafin isha.

In kuma za ki kunna fitila ki yi rabo, kada ki wahalar da kanki da cincin ko alawar madara. Na taɓa kwana ina ƙulla su a leda da zuciya ɗaya, daga baya maƙwabciyar nan tawa ta gaya mini a hankali cewa iyaye zubar da duk abin da ba a rufe daga kamfani ba suke yi, don tsoro. Ki sayi ƙananan cakulan masu takarda, irin su Kit Kat. Ki ware wani kwano marar gyaɗa, don a nan akwai yaran da gyaɗa ke kai su asibiti. Wanda yaronki ya kwaso kuma, ku zube shi a tabarma ku tsince, alawa mai danƙo da yawanta da jelatin ɗin alade ake yinta, sai kin duba bayan takarda. Wannan tsincewar ita ce abin da na fi kewa. Su ukun a zaune sun baje ganima, ana ciniki, ba ni biyu in ba ka ɗaya, Abbansu yana karɓar nasa kason wai harajin sarki. Yanzu babban ya yi gemun kansa, ƙaramar ma ta ce ta girma, ni kaɗai nake zama a bakin ƙofa da kwano ina jiran 'ya'yan mutane.

Ki buɗe akwatin maigida yau da dare, ba za ki rasa rigar da ya daina sawa ba. In kin rasa ki yi mini magana, tamu tana nan har da rawanin, gemun ne kawai sai kin sake sabo don wancan ya yi ja.