Kwana biyu da jagoran masu ɗaukar hoto a tafkin Inle

A watan Disambar 2019 na je Myanmar, ƙasar da tsofaffin sojojinmu na yaƙin duniya na biyu suke kira Bama. Daga tsohon birnin Bagan na wuce garin Nyaung Shwe a jihar Shan, inda na ɗauki wani jagora da ke zagayawa da masu ɗaukar hoto cikin tafkin Inle, shi da kwalekwalensa mai inji, na tsawon kwana biyu. Ya ci kuɗinsa, amma ina da ƙorafi.

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka tashi. Tafkin yana kan tudu, wajen mita 880 sama da teku, sanyi har cikin ƙashi, sai da ya lulluɓe ni da bargo. Muna fita daga mashigar ruwa sai ga masunta uku, kowa ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tokare wani dogon kwandon kamun kifi, rana tana ɓullowa a bayansu. Na yi ta danna kyamara kamar ba gobe. Sai da suka matso suna miƙo hannu na gane ashe ba kifi suke nema ba, tsayuwar ce sana'arsu. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema, na kuwa ba su kuɗin. Jagoran ne ya ɓata min rai da bai faɗa min tun farko ba.

Da na yi masa magana sai ya nausa da mu can tsakiyar ruwa, ya kashe inji. A nan na ga masunta na gaskiya, 'yan ƙabilar Intha da ke zaune a tafkin. Mutum yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin jirgi, ɗayar ya naɗe ta a jikin filafili yana tuƙi, hannuwansa suna kan raga. Ko kallonmu ba su yi ba. Hotunan ba su kai na farko ƙyalli ba, amma su na ajiye.

Inda ya nuna gwanintarsa shi ne gidan sufayen Buda na Shwe Yan Pyay, wani ginin katako mai tagogi masu siffar ƙwai. Kafin mu shiga ya ce in cire takalmi da safa, kada in kunna fitilar kyamara, kada kuma in ce wa yaran da ke karatu su gyara zama. Ya zaunar da ni a gefe muka yi ta jira, har na fara ƙosawa. Can sai wani yaro cikin jan mayafinsa ya zo taga da littafi a hannu, haske ya sauka a rabin fuskarsa. Da ni kaɗai ne, da tuni na tafi.

Wurin ibadar Phaung Daw Oo cike yake da jama'a. Gumakan Buda biyar da ke wurin an manna musu zinare har siffarsu ta ɓace, maza kaɗai ake bari su matsa kusa. Ƙauyen Indein kuwa, mai ɗaruruwan hasumiyoyin ibada, sai da rana ta take muka isa, haske ya ƙone hotunan. Dalili kuwa shagunan da ya yi ta tsayar da mu a hanya. A cikinsu masaƙar In Paw Khon ce kaɗai ta yi min, inda mata ke zare zare daga karan bado suna saƙa gyale da shi.

Wanda zai ɗauki irin wannan jagora, ya yi sharaɗi tun a bakin ruwa: Indein da sassafe, shaguna daga baya. Ya kuma riƙe leda, domin feshin ruwa yana jiƙa kyamara idan jirgi ya ɗauki gudu. Amma ya bincika halin da ake ciki tukuna. Sojoji sun karɓi mulki a Fabrairun 2021, girgizar ƙasar Maris ɗin 2025 kuma ta rusa da yawa daga gidajen da ke tsaye kan turaku a cikin tafkin.