Shekara biyu ina wayar da kai kan daji da taswirar Global Forest Watch

Ni malamin makaranta ne, kuma a ranakun hutu ina cikin 'yan sa-kai masu wayar da kan jama'a game da ɗan ragowar dajin da gidaje suka yi wa zobe a yankinmu. Na daɗe ina surutu a taro, mutane su gyaɗa kai, kowa ya watse ya koma abin da ya saba. Ranar da na fara haska taswirar Global Forest Watch a jikin bango, na matso da ita daidai kan dajin nan, wurin ya yi tsit. Wani dattijo ya tashi ya ɗora yatsa a kan wani tabo mai ruwan hoda, ya ce nan ne aka share aka yanka filaye, har ya faɗi shekarar. Da na duba, abin da taswirar ta nuna ke nan.

Cibiyar World Resources Institute da ke Washington ce ta ƙaddamar da ita a 2014, kuma kyauta ce. Bayanan asarar bishiyoyi daga Jami'ar Maryland suke zuwa, an ciro su daga hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, shekara bayan shekara tun daga 2001. Kore yana nufin inda bishiyoyi suke, ruwan hoda inda suka ɓace. Akwai wani layin shekaru da ake ja, sai ka ga tabon yana yaɗuwa a gaban idonka. A wurin koyarwa wannan layin ya fi min komai amfani, domin gani ya kori ji. Ɗalibaina kan roƙa in mayar da shi farko su sake kallo. Kana kuma iya zana iyakar dajin da ya dame ka, a riƙa aiko maka da saƙo idan an hango sabon sara. Manhajarsu ta waya, Forest Watcher, tana aiki ko babu intanet muddin ka sauke taswirar kafin ka fita.

Sai dai wanda ke aiki inda mutane suka yi yawa ya kamata ya san iyakar idon tauraron. Kowane ɗigo a taswirar asara fili ne mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato ɗigo kusan goma sha ɗaya a hekta guda. Abin da ake ƙirgawa a matsayin bishiya shi ne wanda ya wuce mita 5. Su kansu masu taswirar sun bayyana cewa asarar bishiyoyi ba lallai ta zama kashe daji ba: gobara ko girbin itacen da aka shuka don katako duk launi ɗaya suke fitowa.

To daji da ke tsakiyar jama'a ba kasafai yake mutuwa da sara ɗaya ba. Yau a datse reshe don itacen girki, gobe dabbobi su cinye tsiron da zai gaji manyan, jibi a ɓare bawon wata har ta bushe a tsaye. Daga sama rumfar ganye tana nan kore shar, a ƙasa kuwa babu 'ya'ya. Wannan shi ne ya fi tayar min da hankali, domin mutum zai iya kallon koren ya kwanta da murna.

Shi ya sa yanzu ba na rufe zama a gaban bango. Bayan taswira sai mu shiga dajin da igiya da littafi, mu auna murabba'i mai mita 10 kowane gefe, mu ƙirga kututture, mu ƙirga ƙananan tsiro da ba su kai gwiwa ba. Matan da ke ɗebo itace sun fi kowa sanin wace bishiya ke sake tohowa bayan sara da wadda ba ta yi, kuma daga bakinsu muka tsara sassan da za a bari su huta.

Ga mai son gwadawa, shawara biyu. Taswirar tana buɗewa ne da ma'aunin rumfar ganye na kashi 30 cikin ɗari, wato tana nuna wuraren da ganyen bishiyoyi ya rufe fiye da kashi 30 na fili ne kawai, don haka idan dajinku ba mai duhu ba ne, ka sauke shi zuwa kashi 10, in ba haka ba wani ɓangarensa ba zai fito ba. Sannan ka shiga ka saba da ita kwana ɗaya kafin taro, ka ɗauki hotunan shekarun da kake so ka ajiye, saboda tana son intanet mai ƙarfi kafin ta buɗe sosai.