Bik, jel ko alƙalamin kara: wanne ne zai fito da hannunka?

Yara hamsin za su koyi baƙaƙe wajen malami ɗaya, amma kafin su kai BEPC, jarrabawar ƙarshen koleji, kowa ya fitar da hannunsa: wani yana kwantar da harafi, wani yana danna takarda har rubutu ya fito ta baya. Alƙalamin da ka saya zai iya bayyana wannan hannun ko ya ɓata shi, shi ya sa bai kamata a ɗauki na farko da mai tebur ya miƙo ba.

Bik dai shi ne na kowa. Bic Cristal, wanda ya fito a Faransa a 1950, ƙwallon bakinsa milimita 1 ne, tawadarsa mai maiƙo ce, tana bushewa nan take. Sai dai yana son a danna. Ɗalibin da zai cika shafi huɗu a jarrabawa zai ji yatsunsa sun ƙage. Mai ƙananan baƙaƙe ya nemi siriri, mai 0,8, don kada cikin "a" da "o" ya toshe. Zafin watan Afrilu a Maradi kuwa yana tsinka tawadar, ta yi yoyo a aljihu, saboda haka a guji wanda ya yini a rana kan tebur. Duba bututun: in ka ga tawada ta rarrabu da iska a tsakani, bar shi.

Na jel, mai 0,5 ko 0,7, yana tafiya sumul ba dannawa, launinsa ya fi fitowa. Aibinsa biyu: yana ƙarewa da wuri, kuma yana jinkirin bushewa. Bahago zai shafe abin da ya rubuta da gefen hannunsa, haka ma mai rubuta ajami da dama, tunda hannun yana bin sawun tawada. Don sa hannu a takardar fili ko ta bashi, bik shuɗi ya fi, domin yana barin gurbin danni a takarda, kuma ana bambanta ta asali da fotokofi. Masu binciken jabu ma danni da saurin layi suke dubawa, su gane wanda ya rubuta. Gane halin mutum daga rubutunsa kam ba shi da tushe a kimiyya.

Alƙalamin kara ya fi duka nuna gwaninta, domin kaurin layi yana bin yadda aka fere bakinsa a karkace da yadda aka tsaga shi. Tsaga ta yi tsawo, tawada ta zubo. Ta yi gajarta, ta ƙi sauka. Tawadar gawayi da ƙaro ta allo ce, ana wankewa. Da hunturu tana saurin kafewa, a riƙa ɗiga ruwa kaɗan.

Kada a manta da kaye, wato littafin rubutu. Mai layin Seyès, gidajen milimita 8 da ƙananan layuka kowane milimita 2, shi ke daidaita tsayin baƙaƙen yaro. Takarda mai nauyin gram 56 a murabba'in mita tana shan jel ya ɓullo ta baya; mai 70 zuwa 90 ta fi. In za ka babbar kasuwa, tafi da kayen da za a yi aiki da shi, ka rubuta layi biyu, ka goga da yatsa, sannan ka juya shafin ka duba bayansa kafin ka biya.