Fluconazole mai araha a madadin Diflucan: abin da na gani da kaina

Duk macen da likita ya rubuta wa Diflucan saboda ƙaiƙayin gaba da farin ruwa, ta je kyamis aka faɗa mata kuɗinsa ta ji gabanta ya faɗi, ina so ta san akwai mai araha da ke yin aiki iri ɗaya. Sunansa fluconazole, kuma shi ne ainihin sinadarin da ke cikin Diflucan ɗin. Na sha mai tsadar, na sha mai arahar, shi ya sa nake da bakin magana.

Nawa ciwon mai dawowa ne. Sai ya lafa, in sha maganin kashe ƙwayoyin cuta don wata lalura daban, sai ga shi ya dawo da ƙaiƙayin da ke hana barci da ruwan nan mai kauri, mai gudaji-gudaji. Da likitata ta tura ni gwaji aka ga Candida albicans ce, wato wata ƙwayar cuta ta dangin fungus, sai ta ɗora ni a kan tsarin da ake bai wa masu irin matsalata: kafso mai miligiram 150 a rana ta 1, ta 4 da ta 7, sannan guda ɗaya duk mako har wata 6. In kin lissafa, kusan kafso 30 ke nan. Mai shan guda ɗaya ta warke tana iya daurewa ta sayi mai tsadar. Ni kuwa da na lissafa kuɗin wata shida sai jikina ya yi sanyi.

Mai harhaɗa magunguna ce ta fitar da ni. Ta duba takardar ta ce, "Malama, dole sai wannan sunan likita ta ce, ko fluconazole kawai take nufi?" Ta ɗauko kwali biyu ta ajiye a kan tebur, ta juya bayansu, ta sa yatsa a kan ƙananan rubutun. Suna ɗaya, ƙarfi ɗaya. Na koma wurin likitata da tambayar, ba ta ko yi gardama ba, ta sake rubuta takardar da sunan sinadarin.

Dalilin bambancin kuɗin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin Pfizer ne ya ƙirƙiro maganin, an amince da shi a Amurka a 1990, kuma tsawon shekaru shi kaɗai ke da haƙƙin yin sa. Da wa'adin haƙƙin ya ƙare, kamfanoni da yawa suka shiga yi, farashi ya sauko. Yanzu yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙa'ida, kafin a yi wa irin waɗannan rajista, sai sun nuna cewa suna shiga jini daidai da na asali.

A jikina ban ga bambanci ba. Duka biyun ba sa aiki nan take: ranar farko ƙaiƙayin yana nan, washegari ya fara sassautawa, zuwa kwana na uku sai in manta da shi. Wannan jinkirin ne ke sa wasu su ce mai araha ba shi da ƙarfi, su ƙara wani kafson da wuri. Maganin yana daɗewa a jiki, sai bayan kamar awa 30 rabinsa ke fita, don haka ƙari kafin lokaci ɓarnar kuɗi ce kawai. Ɗan ciwon kai da murɗar ciki da nakan ji a ranar da na sha, na ji su da mai tsadar ma.

Inda mai arahar ya gaza a wurina shi ne takardar bayani. Wadda na samu rubutunta ƙanana ne ƙwarai, sai na kai ta bakin taga nake iya karantawa, alhali abin da ke ciki ba na wasa ba ne. Fluconazole yana ƙara wa warfarin, maganin hana daskarewar jini, ƙarfi har jini ya ƙi tsayawa, yana iya sa wasu magungunan ciwon suga su saukar da suga fiye da kima, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan zuciya da na rage kitse a jini. Duk abin da kike sha, ki faɗa. Mai ciki kuma ba a ba ta na sha. Na matsi ake ba ta, irin clotrimazole, na kwana 7. Haka kuma launin kafson yana canzawa idan kyamis ya sauya kamfanin da yake saro maganin daga wurinsa, abin da ya ɗan tayar mini da hankali kafin a yi mini bayani. Tun daga nan nake duba lambar rajistar hukumar magunguna da ranar lalacewa a kowane kwali, kuma ba na karɓar wanda aka ɓalle daga kwalinsa, domin jabu yana yawo.

Amma gaskiya, gwajin nan ya fi komai rage mini asara. Mu mata kusan komai "sanyi" muke ce masa, alhali cututtuka ne daban-daban. Idan ruwan tsararo ne yana ƙarni, sau da yawa bakteriya ce, kuma fluconazole ba ya taɓa ta ko da an sha kwali goma. Metronidazole ne maganinta. Akwai ma wata 'yar'uwar candidar, Candida glabrata, wadda ba ta cika jin fluconazole ba. Yana ci mini rai in ga mace tana ta sayen magani wata bayan wata a kan cutar da ba ita ke damunta ba, tana jin kunyar zuwa a duba ta. Wani kanti har sabulun wanke gaba mai ƙamshi aka so haɗa mini da shi, na ƙi, don likitata ta riga ta gargaɗe ni cewa yana ƙara tayar da wurin.

Akwai sababbin magunguna, kamar Brexafemme da aka amince da shi a Amurka a 2021, masu tsada sosai. Suna da amfani ga wadda tsofaffin suka ƙi yi wa aiki. In ba a gwada fluconazole ko na matsi an ga sun gaza ba, ki tambayi likita dalilin tsallake su. In kuma an ɗora ki a kan na wata 6, ki tambayi kyamis ko yana da kwali mai kafso da yawa, domin ni na same shi ya fi sauƙi a kan sayen ɗai-ɗai.