Mai susun layinmu a Aboabo, ga masu tara kuɗin ɗaki

Samari da 'yan mata masu shirin barin gidan iyaye su kama ɗakin kansu a nan Kumasi, ana ta tambayata ko zuba kuɗi wurin mai susu, wato mai bi kullum yana karɓar ajiyar kuɗi, ya fi barinsu a MoMo, asusun kuɗi na waya. Ni dai a wurina ya fi, amma da sharaɗi.

Mai susun da nake ba kuɗi dattijo ne, kowa a layinmu Baba yake ce masa. Kullum bayan la'asar yana bin shaguna da jakarsa a rataye, ka miƙa masa abin da kuka shirya, sidi 20 ne ko 50, ya karɓi katinka ya sa hannu a gidan ranar a gaban idonka sannan ya rubuta a babban littafinsa. Katin gida 31 ne, in ya cika kuɗin rana ɗaya nasa ne, ladan wahalarsa, sauran naka. Wasu na ganin wannan rana ɗayar asara ce. Wallahi ba asara ba ce, domin kuɗin da ke cikin waya ba sa zama, yau ƙani ya kira yana son data gobe sunan ɗan abokinka jibi a ce a yi karo-karon biki, ga shi tun da aka soke E-levy, harajin tura kuɗi ta waya, a 2025 turawa ta ƙara sauƙi. Amma kuɗin da suka shiga jakar Baba sai ka ji kunyar zuwa ka ce a ba ka tun wata bai ƙare ba, kuma in ka je sai ya ce "yaro, ɗakin fa?"

Dole kuwa a tara da yawa. Dokar haya ta 1963, Act 220, ta hana mai gida karɓar adbans fiye da na wata shida, ofishin Rent Control mai kula da harkar haya ma yana nan, amma je ka Asawase ko Tafo neman ɗaki ɗaya ko cemba da hol, wato ɗaki da falo, ka ji, shekara ɗaya ko biyu za a ce maka, ka kawo maganar doka a ce wani na bayanka da kuɗi a hannu. Ga ejan, sai ka biya shi kuɗin zuwa ganin ɗaki, in an daidaita yawanci ya nemi kashi 10 na adbans ɗin. Katifa, tukunyar gas, bokiti, labule, duk ba a lissafa ba. Kuma ku tambaya ko mitar ECG, kamfanin wutar lantarki, ta ɗakin ce ko ta haɗaka ce da duk gidan, rigimar kuɗin wuta tana ɓata zaman haya sosai. Kuɗin cefanen da kake ba Mma kuma ba zai tsaya ba don ka tashi.

Inda susu ya gaza: kuɗinka ba sa ƙaruwa ko pesewa ɗaya. Wanda ya tara kuɗi a 2022, lokacin da tsadar kaya ta haura kashi 50 a Disamba, ya ga yadda sidi ke narkewa a hannu. Wani lokacin ma in an yi ruwa Baba ba ya fitowa, kuɗin ranar su kwana a aljihunka, ka san sauran.

Sai maganar amana, wadda ta fi damuna. A 2019 Bank of Ghana ya soke lasisin kamfanonin maikrofainans 347, to balle mutum ɗaya da jaka. Don haka kada ka ba wanda ba ka san gidansa da masallacin da yake salla ba, kuma katinka ya zauna a hannunka ba nasa ba. Ni duk ƙarshen wata nake karɓar nawa in kai banki a ranar, in yanki sabon kati. Shi ma Baban haka ya fi so, ba ya son kuɗin mutane su daɗe a wurinsa.