Na sa an rage sosan sit ɗin babur ɗina: abin da na gani bayan wata takwas

Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, tsohuwar motata ta gagare ni, na jingine ta a ƙofar gida na nemi babur. Ina koyarwa a wata firamare da ke gaba da Kalgo, gidana yana Birnin Kebbi, ga kuma 'yar gonar shinkafa a fadama da nake leƙawa Asabar da Lahadi. Duk wanda na nemi shawararsa Boxer ya ce mini, wanda kamfanin Bajaj na Indiya ke ƙerawa, kuma gaskiya suka faɗa. Ba ya shan mai, kayan gyaransa ko a ƙauye ana samu, kuma shi ya sa 'yan kabu-kabu suka rungume shi. Abu ɗaya ne ba wanda ya tambaye ni, ni ma ban kawo shi a raina ba, wato tsawona.

Tsawona ƙafa 5 ne da inci 2. Daga baya na ari tef ɗin tela na auna daga tsakanin cinyoyina zuwa ƙasa, na samu inci 28. Na auna sit ɗin babur daga ƙasa, inci 31 da ɗoriya. Idan mutum ya hau, nauyinsa yakan danna babur ya ɗan sauka, amma ni ba jiki gare ni ba, saukar kaɗan ce. In na tsaya, yatsun ƙafafuna ne kawai ke taɓa ƙasa, ina ɗage kamar mai leƙen katanga. A kan kwalta mai laushi hakan ba ya hana komai. Amma babur ɗin ya haura kilo 100 ko ba kowa a kansa, kuma yatsu ba su tare kilo 100 idan ya soma karkata.

Ranar da abin ya zame mini dole, na ɗauko ɗana daga Islamiyya bayan la'asar. Na sauka gefen titi don in ba wata babbar mota hanya. A nan ƙasar hannun dama muke bi, kuma gefen kwalta na dama shi ne wanda ruwa ya zaizaye, ya fi titin zurfi. Na miƙa ƙafar dama ina jiran in ji ƙasa, ban ji ta ba. Kafin ta kai, babur ya riga ya wuce inda zan iya tare shi. Muka kwanta tare. Yaron ya gangara cikin yashi, Allah Ya kiyaye, ko ƙwarzane bai yi ba, ni kuwa salansa ta danne mini ƙwauri, tabon yana nan har yau. Ba gudu nake yi ba, a tsaye muka faɗi. Da dare na kasa barci ina tuna yadda kansa ya wuce kusa da bakin kwalta. Mu mutanen Kebbi mun san yawan waɗanda ake kaiwa Aliero ɗori saboda babur, kuma ba dukansu ne masu ganganci ba.

Shawarwari kuwa na sha su. Wani ya ce in rage iskar taya. Na gwada kwana uku na daina, kuma ina roƙon kowa kada ya fara. Abin da ake samu bai kai kaurin yatsa ba, babur ya riƙa lilo a kwana, ya ƙara shan mai, kuma rami ɗaya ya isa ya tsinke tib ko ya lanƙwasa rim.

Bakanikena ya sassauta mini shokozoba na baya. A gindin sifirin akwai wani zobe mai matakai da ake juyawa, idan aka mai da shi matakin ƙasa babur yakan ƙara nutsewa in an hau. Na samu kamar rabin inci, kuma ni kaɗai tafiyar ta fi daɗi. Sai ranar da na ɗora buhun taki mai kilo 50 zuwa fadama, duk ramin da na faɗa sai in ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Muka mai da shi mataki na biyu, a nan yake har yanzu.

Na nemi ya sa mini gajeren shokozoba na wani babur, ya ƙi, kuma yau ina gode masa. Ya tsuguna ya nuna mini da hannu. In baya ya sauka, cikin injin zai kusanci ƙasa, ga tudun rage gudu a kowane gari da ke kan hanyar Jega. Taya za ta riƙa gogar madigadi in an yi lodi. Jak zai yi wa babur tsawo, ya tsaya cak a miƙe maimakon ya jingina, iska mai ƙarfi ko yaro ya taɓa shi ya kife. Fitila kuma za ta ɗaga kai ta riƙa haska idon masu tahowa. Ya ce, “Malam, tsawon nan da kake kuka da shi, shi ke fitar da kai daga fadama da damina.” Ban da ta cewa. Ba a banza aka ɗaga babur ɗin ba, hanyoyi irin namu aka yi wa shi.

Na ari roba-roba wajen wani abokin aikina na mako guda. Ga gajeren mutumin da zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari, wallahi ita ce amsa. Ba ta da nauyi, ba sai ka wurga ƙafa ta baya ba, kuma tsakiyarta a buɗe take. Da gida da makaranta ne kawai harkata, da na yi musaya ban waiwaya ba. Sai dai ban ga yadda zan ɗaura mata injin ban-ruwa in ratsa yashi da ita ba.

Saura sit. A nan ne na yi asara sau ɗaya, na dace sau ɗaya.

Na fara kai wa wani matashi mai ɗinkin rigar sit a bakin kasuwa. Ko hawa bai ce in yi ba. Ya ɓalle rigar, ya sa wuƙa ya yanke saman sosan a miƙe kamar mai yanka burodi, ya mayar, duk cikin minti goma sha biyar. Sit ya sauka, ba shakka, amma ya zama faffaɗan allo mai kaifin gefe biyu da ke cin cinya. Abin mamaki, ƙafata ba ta ƙara kusantar ƙasa yadda na zata ba. Kafin in kai Kalgo ina jin robar ƙasan sit a ƙashina. Rigar kuma ta yi sako-sako, ruwan farko da aka yi ya shige ta tsofaffin hujoji, soso ya sha ya ƙoshi, kwana huɗu ina zuwa aji da jiƙaƙƙen wando. Arha ba ta ado. Dole na sayi wani sit ɗin na hannu.

Na biyun wani dattijo ne mai gyaran kujerun mota da na falo, wani ɗan kabu-kabu ne ya yi mini kwatancen rumfarsa. Na gaishe shi, na ce, “Baba, so nake a rage mini tsawon sit ɗin nan.” Bai karɓa ba. Ya ce in mayar da shi kan babur in hau. Ya sa yaronsa ya riƙe kariya ta baya, ya zagaya ni sau biyu yana duban cinyoyina, sannan ya ce, “Malam, wanga sit ba tsawo na ad damuwa tai ba, hwaɗi na.” Ya nuna mini yadda faɗin gaban sit, wajen da ya haɗu da tanki, ke buɗe mini ƙafafu. Ƙafar da aka buɗe sai ta zagaya kafin ta nufi ƙasa, a wannan zagayen ake cinye inci ɗaya ko biyu. Nan na gane abin da ya sa aikin farko bai yi amfani ba, domin sit yana da faɗi ta ƙasa, duk wanda ya yanke samansa kawai ya ƙara masa faɗi ne.

Ya zana da biro a kan soso daidai inda nake zama, da inda cinyoyina ke sauka. Da tsinken zarto ya yi yankan, a kwance, sannu sannu, ɓawo ɓawo kamar mai feren kabewa. Daga sama bai cire fiye da inci ɗaya ba. Aikin duk a gefe biyu na gaba ya yi shi, ya zaftare su suka gangara, sannan ya bi da samfefa mai kaushi har kaifin ya ɓace. Sau uku yana cewa, “Zamna mu gani,” in hau kan sosan tsirara, in sauke ƙafa, ya ce, “Sabka,” ya ƙara gogewa. A karo na uku tafin ƙafata na hagu ya zauna daram a ƙasa, na ji dugadugina ya taɓa yashi. Ban san lokacin da na ce Alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Bai tsaya nan ba. Ya manna wani siririn soso mai tauri a wurin zaman da gam, ya lulluɓe duka da leda saboda ruwa, ya shanya sabuwar riga a rana ta yi laushi kafin ya ja ta ya ɗame. Wajen fasinja bai taɓa ba. Na roƙe shi ya ƙara rage rabin inci, ya ce a'a, abin da ya rage shi ne tsakanina da roba. Kusan awa biyu muka yi, kuma abin da ya karɓa, har da kuɗin riga, bai kai abin da nake cika tanki da shi ba.

Yau wata takwas ke nan, an yi damina an yi ɗari an shiga zafi a kansa. Ƙafa ɗaya tana zama gaba ɗaya, in kuwa biyun na sauke, ƙirjin tafin kowace yana taka ƙasa. Tura babur da baya ina zaune, wanda da ba na iyawa sai na sauka, yanzu ina yi in wurin ba tudu. Ban sake faɗuwa a tsaye ba. Ruwa bai shiga ba.

Amma akwai abin da na biya bayan kuɗi, kuma ya kamata mai niyya ya sani. Tafiyar da ta wuce awa ɗaya tana gaya mini. Da na je Argungu na dawo a yini ɗaya, sai da na tsaya sau biyu na miƙe ƙafa, domin sit ya sauka amma matakin ƙafa yana inda yake, gwiwa ta ƙara lanƙwashewa, ga soso ya ragu. Sannan tunda gaba ya yi ƙasa baya yana nan, an samu gangara, duk birkin da na taka sai fasinja ya zamo ya matse ni. Uwargida ta yi ƙorafin wannan tun ranar farko, yanzu ta saba riƙe kariya. Ƙanena dogo ne, in ya ara yakan ce kamar a rami yake zaune. Wanda ke tunanin sayar da babur ɗinsa nan gaba, gara ya nemi sit na hannu a yi aikin a kansa, ya adana na asali.

Ba zan ɗora komai a kan soso ba, domin rabin sauƙin daga takalmi da hannu ya zo. Na daina hawa da silifa. Na sayi rufaffen takalmi, mai gyaran takalma ya ƙara masa rabin inci na roba a ƙasa, bakanike kuma ya ɗaga sandar giya da haƙori ɗaya don ƙafar ta shiga ƙarƙashinta. Sauran kuwa a tashar 'yan kabu-kabu na koya, da ido. Akwai wani yaro a cikinsu da bai kai ni tsawo ba, sit ɗinsa ko taɓa shi ba a yi ba, yana ɗaukar mutum da buhu. Na zauna ina kallonsa. Ba ya neman sauke ƙafa biyu. Kafin ya tsaya ya riga ya zame mazauninsa zuwa hagu, ƙafar hagu ta dira sosai, ta dama tana kan birki. Kan babur a miƙe yake duk lokacin da zai tsaya, ba ya damƙe birkin gaba kai a karkace. Fasinja kuma ba ya hawa sai ya ce masa hau.

Na ƙara da nawa darasin na bakin kwalta. Tun daga nesa nake zaɓen inda ƙafata za ta sauka, in gefe ɗaya ya fi tudu, can nake karkata. A fadama ba na tsayawa a tsakiyar sawun amalanke, inda tayoyi ke kan tudu ƙafa kuma ke neman rami. In zan ɗauki yaron, sai na tsaya, na dasa ƙafa, na riƙe birki, sannan in ce ya hau.

Wanda zai kai sit ɗinsa, ya tafi da babur ɗin gaba ɗaya, kada ya cire sit ya aika yaro da shi, kuma ya sa takalmin da yake hawa da shi kullum. In mai aikin ya ɗauki wuƙa bai ce a hau ya gani ba, a karɓe a yi gaba. Rigar tawa ta soma tsagewa ta gefen hagu, inda nake zamewa, kafin damina zan koma wajen Baba ya sake mini wata.